Hoton Bencin da Ya Ƙi Hawa

Zuwa ga Maigidana, wanda ya tafi nesa ya bar ni da tsofaffin takalmansa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ni ƙalau nake, in ka cire gwiwar hagu da ke min waƙa duk sanda na tashi, da kunnen nan da ya ƙara nauyi. Shi ya sa na ce ka daina kirana kana ihu a waya kamar mai kiran awaki. Zan riƙa rubutawa a takarda in ɗauki hotonta in turo maka, kai ma ka rubuto. Ka san karatuna bai yi nisa ba, in ka ga kamar kaza ta bi ta kan takardar ka yi haƙuri.

Saƙonka ya iso. Ka ce akwai wani shafi a intanet inda masu neman aiki da masu ɗaukar ma'aikata ke haɗuwa kowa ya baje hajarsa, kuma a saman shafin kowa akwai wurin dogon hoto kamar allon shago. Ka ce bencin nan kake so ka sa, wanda muka yi wa ɗakin jiran asibitin haihuwa, kai ka zana ƙarfensa ni na saƙa shi da igiyar roba. Wallahi da na karanta sai da na tashi na zagaya shago babu abin da nake nema. Tun ranar da Yaya, Allah ya jiƙanta, ta dire min kai a kan tulin igiya kana tsotsar yatsa ta ce ga jikanta in riƙe mata, ban taɓa zaton za a wayi gari ka kai ni gaban manyan mutane ba.

Na ja maƙwabciyata Nas muka tafi, tunda a asibitin ta yi aiki har ta yi ritaya, babu mai hana ta shiga. Masu ciki sun cika bencin maƙil. Na ce ku tashi 'yan nan, mijina ne ke son hotona. Wata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baba, a wannan shekarun?" Na ce mata ai saurayi ne ɗanye shakaf, ta rufa min asiri kada ta ƙwace. Suka tashi suna dariya suna dafe ƙugu. Na tsaya a bayan benci da sabon ɗankwalina, Nas ta ɗauka.

Ga shi nan na turo. In sun tambaye ka wace ce wannan kyakkyawar, ka ce an riga su.

Kakarka, Mai Saƙa.

*

Zuwa ga Amaryata mai furfura,

Na gaishe ki, Kaka. Yaya gwiwa? Ki riƙa shafa man da Nas ta ba ki, na san yana ƙarƙashin katifa ko buɗe shi ba ki yi ba. Ni lafiya lau, sai neman aikin nan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Hoto ya zo, ɗaurin ɗankwalin nan kuwa saura kaɗan ya sa in tattaro in dawo. Sai dai ya ƙi hawa. Nas a tsaye ta riƙe wayar, wurin hoton kuma a kwance yake, dogo ne siriri. In na sa shi sai ya ɗauko cikinki da tsakiyar benci kawai. Sannan kin turo shi kai tsaye ta wurin hira, manhajar kuwa matse hoto take yi, saƙar duk ta dushe, ba a gane shuɗi da fari.

Ki daure ku koma. A kwantar da wayar, a goge idon kyamarar, Nas ta ja da baya har bencin ya shiga daga kai zuwa kai. Wajen turowa ki danna alamar ƙugiyar nan ki zaɓi fayil, kada ki zaɓi hoto, ta haka zai zo da kyansa.

Akwai wani kamfanin kayan ɗaki da na ɗora wa ido. An ce matar da ke ɗaukar musu ma'aikata shafin mutum take fara dubawa kafin takardunsa. Ki taya ni da addu'a.

Jikanki.

*

Maigida sarkin ba da oda,

Muna lafiya, man ma na shafa, yanzu gwiwar da katifar duk wari ɗaya suke yi.

Mun koma. Wannan karon babbar ma'aikaciyar asibitin muka tarar, mai fuska kamar an aiko mata da saƙon mutuwa. Ta ce nan ba ɗakin ɗaukar hoto ba ne. Nas ta tuna mata wanda ya koya mata neman jijiya, sannan ta ba mu ɗan lokaci tana tsaye tana kaɗa ƙafa.

Ka ce a ja da baya. Nas ta yi ta ja har ta faɗa kan keken tura marasa lafiya, keken ya tafi da ita, tana tafe tana salati wayar na sama ba ta sake ta ba. Kada ka gaya mata na faɗa maka. Da ta dawo muka ga in na tsaya a baya kaina ba ya shiga, sai na zauna a can ƙarshen bencin na ɗora hannu a kan madogara, na bar maka duk tsawon saƙar a fili. Ka duba yadda igiyar shuɗi ke nutsewa ƙarƙashin fara tana ɓullowa, gudun ruwan nan da na ƙirƙiro da kaina. Ka tuna na zaunar da kai in koya maka, ka yi layi biyu ka ce yatsunka na zane ne ba na jan igiya ba? To ga shi yau yatsun jan igiyar kake nema.

Alamar ƙugiyar ta ba ni wahala. Na fara tura wa mai walda, ya aiko yana tambayar ko miji nake nema. A karo na gaba na dace. In bai zo a fayil ba laifin wayar ne.

Addu'a kuwa kullum kana ciki. Ka rubuto da zarar ya hau, ina so in nuna wa mutanen layinmu. Na riga na gaya wa mai shayi da matar tela cewa na kusa shiga intanet, kada ka ba ni kunya.

Matarka ta fari.

*

Kaka,

Ina gaisuwa, ina fatan jiki da sauƙi. Hoton ya zo da kyau sosai, amma har yanzu shiru. In na danna sai ɗan zoben nan ya yi ta juyawa, can ya ce an samu matsala. Na rage masa nauyi, na gwada ta kwamfuta, na share tarkacen da manhajar ta tara, duk a banza. Wani abokina ya ce wurin ba ya son hoto mai fuskar mutum, tunda akwai wurin fuska daban a ƙasa. Ko za ku ɗauko min bencin shi kaɗai?

Ina sauri ne, zan rubuto da tsawo daga baya.

Jikanki.

*

Maigidana,

Lafiya lau muke. Kai ne dai ban gane lafiyarka ba, wasiƙar nan taka gajera kamar wandon da ka tafi da shi.

Mun je, mai fuskar nan ta hana. Ta ce ko Nas ta kawo wanda ya koya mata tafiya ba za a ƙara tayar mata da masu ciki ba. Na dawo gida ban ɗauko komai ba. Kai kana can kana fama, ni kuma fuskata ce ta tare maka hanya. Na dubi madubi na ce ke kuma har injin ma ya ƙi ki.

Amma zancen abokin nan naka bai kwanta min ba. Injin da ke karɓar hoton kowa, me fuskata ta yi masa? Nas ta ce 'yarta ta taɓa buɗe mata irin shafin. Na ce to ni ma za a buɗe min, in sa hoton da hannuna in ga ta inda yake maƙalewa, in na gano in gaya maka. Kujerar da ta ƙi zama daidai ai juya ta ake yi a duba ƙafafun.

Kada ka sa damuwa a ranka. Ka ci abinci.

Kakarka.

*

Amarya,

Na yi dariya har maƙwabcina ya buga min bango. Ke da shafi! Me za ki rubuta a wurin sana'a, shugabar tsokana? Ki bar wahalar da kanki, Kaka, na haƙura da hoton nan, na bar wurin haka babu komai. Ki gaida Nas. Kwanakin nan zan yi wuyar samu.

Jikanki.

*

Zuwa gare ka,

Ina fatan kana lafiya. Ni ban sani ba ko lafiya nake.

Na yi ta jira ka rubuto, shiru. Na ce yaron nan baƙin cikin hoton ne ya rufe masa baki, bari in yi abin da na ce. Ka ɗauka wasa nake. Ka manta ni ce na taɓa kwance kujera sukutum saboda layi ɗaya ya karkace.

Nas ta buɗe min shafin. A wurin sana'a muka sa mai saƙar kujeru. Muka ɗauko hoton nan na biyu muka danna, zoben ya juya ya juya ya ce an samu matsala. Na ce Allah sarki, gaskiyar yaron ne. Nas ta gyara tabarau ta karanta 'yan ƙananan rubutun da ke ƙasa, ta ce ba zancen fuska a ciki, cewa aka yi hoton ya yi nauyi, kuma irin yadda wayata ke ajiye hoto ba ya cikin waɗanda suke karɓa. Sai ta buɗe hoton ya cika fuskar waya a kwance, ta danna maɓallan gefe ta ɗauki hoton hoton. Wannan muka sa. Kafin in gyara zama ya hau. Benci daga kai zuwa kai, ni a ƙarshe da ɗankwalina da haƙorana a waje.

Na yi guɗa har matar tela ta leƙo. Na ce Nas maza nemo min shafin Maigidana in aika masa maganin ciwonsa. Ta rubuta sunanka. Sai na ga tana neman kifa wayar a cinya. Na ce ba ni nan.

Bencina ne a saman shafinka. Ya hau daram, ya fi nawa ma fitowa. An yanke shi daidai inda na zauna. Amma almakashin naka bai iya aiki ba, ya bar yatsuna huɗu a kan madogara, da zoben azurfar Yaya. Na daɗe ina kallon yatsun nan kamar na wata.

A ƙasa ka rubuta magana, Nas ta so ta tsallake na ce ta fassara min duka. Ka ce zane da saƙa duk aikin hannunka ne. Ka ce gudun ruwa ka sa wa saƙar suna, wai tunaninta ya zo maka ne kana kallon ruwan sama. Mutane sun yi ta yabo, kana bin su ɗaya bayan ɗaya kana godiya. Shafin kuma yana nuna lokacin da aka sa abu. Ranar da ka ce min in koma in ɗauko bencin shi kaɗai, hoton yana sama. Ranar da na tsaya gaban madubi ina zagin fuskata, yana sama. Kunyar yatsun ce ta sa kake neman wani, ko ba haka ba?

Da ka ce min, Kaka, wurin nan na aiki ne, ba na son tsohuwa a ciki, da na zage ka na yi dariya na tashi daga bencin da ƙafata. Tsufa ba baƙona ba ne. Amma ka bar ni ina jan gwiwa zuwa asibiti ana min kallon mahaukaciya, ina neman maganin cutar da babu ita.

Matar tela na ta tambaya a nuna mata shafin jikana. Na ce mata sabis ya ɗauke.

Kada ka ce min wurin ne siriri. Nawa ma siririn ne, kuma na shiga.

Mai Saƙa.

*

Kaka,

Na karanta. Ban san ta inda zan fara gaishe ki ba. Ki yafe min, don girman Allah.

Gaskiya ne da farko ya ƙi hawa. Daga baya na gano matsalar, kuma wajen daidaita shi na ga in na ja shi gefe kin fita. Na ja. Na ce na ɗan lokaci ne. Kamfanonin nan mutum ɗaya suke so wanda ya iya komai, masu zane kawai sun fi yashi yawa. Da yabo ya fara zuwa sai na kasa komawa baya. Ƙarfen ai ni na zana, Kaka, ba duka ne ƙarya ba.

Yanzu ga inda nake. Matar kamfanin ta kira ni mun zauna, bencin ne ya ja hankalinta. Suna da aikin wani otal, irinsa suke so a jera a zauren baƙi, da wannan saƙar. Sai shafin ya nuna mata naki, tunda sana'ar iri ɗaya ce. Ta juyo min da kwamfuta ta ce wace ce wannan a kan bencinka? Na ce kina cikin masu yi min aiki, ni nake tsara saƙar in nuna muku ku ja igiya.

Ta ce za ta rubuto miki ta tabbatar. Kaka, in kika ce ba haka ba ne, na gama yawo a wannan sana'ar, duk sun san juna. Ki ce mata eh kawai, ki sauke hoton naki. In na samu aikin zan riƙa turo ƙarafan kina saƙawa, babu wanda zai sani, daga baya in gyara komai a hankali. Ke kaɗai gare ni.

Mijinki mai laifi.

*

Zuwa ga jikan Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau.

Matar ta rubuto. Mai ladabi ce, ta fara da tambayar lafiyata, ta ce saƙar ta burge ta. Sannan ta yi tambayarta. Nas ta ce in bar ta ta ba da amsa, ta riga ta naɗe hannun riga. Na ce a'a. Na zauna da wayar a cinya har shayina ya huce. Na tuna ba ni da wani wanda zan ce na raina a duniyar nan sai kai, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ko da shi ya iya yanka.

Na ce Nas ta rubuta: eh, ina yi masa aiki. Ta ce ba da yatsunta ba. Na karɓa na lalubi haruffan da kaina tana faɗa min. Ban taɓa sanin kalma biyar za su yi min nauyin buhun igiya ba. Hoton ma na sauke, wurin yana nan fayau. Matar ta amsa da godiya, ta ce za su kira ka. Ina jin zuwa yanzu sun kira. Allah ya sanya alheri, da zuciya ɗaya na faɗa.

Saura maganar ƙarafa. Kada ka turo.

Na tambayi Nas yadda ake yi a irin wuraren nan naku, tunda ni ban taɓa aiki a ƙarƙashin kowa ba sai a bakinka. Ta ce ma'aikaci yana da damar ya ajiye aiki, in dai ya sanar da ubangidansa a rubuce. To ga shi a rubuce. Ranka ya daɗe, na ajiye aiki daga yau. Na gode da zaman da aka yi.

Ai ka ce musu kai kake tsara saƙar kana nuna mana. Igiya ba ta da wuyar samu a inda kake, shuɗi da fari. Ka zauna ka tsara. In ta ƙi, kana da baki, ka san hanyar ofishin matar, ka san abin da za ka gaya mata. Wannan ba zan ɗaukar maka ba, na ɗauki nawa.

Na ga ka sa hannu a wasiƙarka da "mijinki". Ka daina. Wasan nan tsakanin kaka da jika ake yinsa, ban san ana yi da ma'aikata ba.

Tsohuwar ma'aikaciyarka.